Tsofaffin Rumbunan Gona da Sailo a Amurka: Abin da Doka ke Iya Karewa da Wanda Ba Ta Iyawa

Gabatarwa

A karkarar jihohin Wisconsin da Iowa da Pennsylvania na ƙasar Amurka, akan hangi wasu manyan gine-ginen katako a tsakiyar gonaki, galibinsu an shafa musu jan fenti. Kusa da da yawa daga cikinsu akwai doguwar hasumiya mai siffar ganga. Ginin katakon shi ne rumbun gona na manoman ƙasar, ita kuwa hasumiyar ana kiranta sailo. Sunan rumbu a nan aro ne kawai, domin ginin ya haɗa aikin rumbu da na barga da na garke da na masussuka a ƙarƙashin rufi ɗaya: shanu da dawaki a ƙasa, ingirici da hatsi a bene. Sailo kuma wurin tsima ɗanyar ciyawa ne ko karan masara, don ciyar da shanu a lokacin hunturu, sa'ad da ƙanƙara ke rufe makiyaya.

Waɗannan gine-gine suna ɓacewa. A shekarar 1935 Amurka tana da gonaki kimanin miliyan 6.8, amma ƙidayar noma ta 2022 ta sami miliyan 1.9 kacal. Duk gonar da aka haɗe da wata, ko aka yanka ta filayen gidaje, takan bar rumbun da ba mai bukatarsa. Wannan ya sa garuruwa da gundumomi da dama suka shiga ayyana irin waɗannan gine-gine a matsayin kayan tarihi. Maƙalar nan za ta duba ilimin halittar da ke cikin ginin nasu, da yadda dokar ayyanawa take aiki, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Rumbun gona: gini ne da ke yaƙi da danshi

Siffar rumbun gona ba ta ado ba ce. Kowane sashe nasa amsa ce ga wata matsala ta halitta, kuma babbar matsalar ita ce danshi. Ingiricin da aka tara alhali ruwan da ke jikinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari yakan zama abincin bakteriya da fumfuna. Waɗannan ƙananan halittu suna numfashi, numfashinsu kuwa yana fid da zafi. Idan tarin yana da girma, zafin ba ya samun hanyar fita, sai ya yi ta hauhawa har sinadaran ciyawar su fara ƙonewa da kansu, wuta ta tashi ba tare da wani ya kyasta ashana ba. Rumbuna masu yawa sun ƙone ta wannan hanya. Dalili ke nan da magina suka riƙa barin 'yan tsagogi a tsakanin katakan bango, suka kuma ɗora ƙaramar hasumiya mai tagogi a ƙololuwar rufi, don iska mai zafi da tururi su fice ta sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa.

A Pennsylvania, manoman da suka yi ƙaura daga Jamus da Suwizalan a ƙarni na 18 sun zo da salon gina rumbu a jikin gangare. Keken doki yakan shiga bene kai tsaye ta ɓangaren tudu ya sauke ciyawa, dabbobi kuma suna zaune a ƙasa, inda ƙasar gangaren ke tsare su daga sanyi. In lokacin ciyarwa ya yi, sai a turo ciyawar ta wata kafa ta faɗo gabansu, nauyinta ya yi aikin ɗauka. Wasu kuma sun gina rumbu mai da'ira, irin na dutse da ke ƙauyen Hancock a jihar Massachusetts, wanda aka gina a 1826. Shanu suna tsayawa a kewaye, kawunansu na fuskantar tsakiya inda abinci yake, ta yadda mutum ɗaya zai ciyar da garke guda ba tare da yawan kai da kawo ba.

Sailo: tsami a matsayin magani

Ingirici yana daɗewa ne saboda an raba shi da ruwa. Sailo ya bi wata hanya dabam: a bar ciyawa da ruwanta, a raba ta da iska. Akan yayyanka masara da karanta da ganyenta tun suna ɗanye, ruwan jikinsu yana tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, a zuba a cikin hasumiya a danne. A sa'o'in farko, ƙwayoyin tsiron da ba su gama mutuwa ba suna cinye 'yar iskar oksijin da ta rage. Da ta ƙare, sai wasu bakteriya da ba su bukatarta, irin su Lactobacillus plantarum, su karɓi fili. Suna cin sukarin da ke cikin tsiron suna mayar da shi asid ɗin laktik, wato sinadarin nan da ke sa madara ta zama nono mai tsami. Cikin kimanin mako uku, ma'aunin tsami na pH yakan sauko daga wajen 6 zuwa wajen 4. A wannan matsayi ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa iya yaɗuwa, sai tsimammiyar ciyawar ta zauna watanni ba ta lalace ba.

Wani manomin Faransa mai suna Auguste Goffart ne ya wallafa littafi a kan wannan dabara a 1877, labarinta ya bazu har Amurka. A can, ana yawan ambaton Fred Hatch na gundumar McHenry a jihar Illinois a matsayin wanda ya fara gina sailo a tsaye, a 1873. Na farkon masu kusurwa huɗu ne, kuma suna da aibi: ciyawa ba ta dannuwa sosai a lungunan, iska takan maƙale a can, fumfuna ta ɓata abincin. Franklin Hiram King na Jami'ar Wisconsin ya nazarci matsalar, a 1891 ya yaɗa tsarin sailo mai da'ira, wanda ba shi da lungun da iska za ta ɓuya. Daga nan aka yi ta ginawa da katako, da dutse, da jan bulo, da kankare. Mai lura zai ga cewa zobban ƙarfen da ke ɗaure sailon kankare sun fi kusa da juna a gindi fiye da sama, domin a gindin ne nauyin abin da ke ciki ya fi tura bango. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin A. O. Smith ya fito da shuɗin sailo na ƙarfe mai suna Harvestore, wanda aka lulluɓe da gilashi, aka kuma tsara shi don hana iska shiga.

Sailo yana da haɗarinsa. A kwanakin farko bayan cikawa, sinadarin naitiret da ke cikin tsiro yakan rikiɗe ya zama wata iska mai launin ruwan ƙasa, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, saboda haka takan kwanta a saman ciyawar. Tana ƙona huhu, kuma ta kashe manoman da suka shiga ba da sani ba.

Abin da ya kawo koma-bayansu

Ba lalacewa ce ta fara kashe waɗannan gine-gine ba, canjin aikin gona ne. Tarakta ta maye gurbin doki, sai barga ta zama fanko. Manyan injuna ba sa shiga ƙofar da aka yi wa keken doki. A farkon shekarun 1970 aka fara sayar da injin da ke naɗe ingirici ya zama ƙaton dunƙule mai nauyin ɗaruruwan kilo, wanda ba a iya hawa da shi bene, kuma ana iya barinsa a fili. Tsimammiyar ciyawa ma ta koma dogayen ramukan kankare da ake rufewa da leda, ko manyan jakunkunan roba, domin sun fi arha da saurin cikawa da kwashewa. A ƙidayar noma ta 2007 an tambayi manoma ko suna da rumbun da aka gina kafin 1960, gonaki kimanin 664,000 suka amsa cewa suna da shi. Adadin yana da yawa, amma manomin da ke biyan haraji da inshora a kan ginin da ba ya kawo masa ko sisi yana da dalilin rushe shi.

Me za a rasa in sun tafi?

Abu na farko shi ne katakon kansa. An sare ginshiƙan tsofaffin rumbuna ne daga dazuzzukan da ba su ƙara komawa yadda suke ba. Misali mafi girma shi ne itacen cesnat na Amurka, wanda magina ke so saboda miƙewarsa da kuma sinadarin tanin da ke hana shi saurin ruɓa. A 1904 aka gano wata cutar fumfuna a jikinsa a gidan namun daji na Bronx a birnin New York. Cutar, mai suna Cryphonectria parasitica, ta shigo ne tare da dashen da aka kawo daga Asiya. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 ta hallaka itatuwa biliyoyi, har ya zama da wuya a sami babban cesnat a dajin gabashin ƙasar. Rumbunan da aka gina kafin annobar suna cikin 'yan wuraren da manyan gungumensa suka rage. Wannan daraja takan jawo wa ginin ajalinsa, domin akwai 'yan kasuwa da ke sayen tsohon rumbu su warware shi su sayar da katakon ga masu ƙawata gidaje.

Katakon kuma littafi ne ga mai iya karatu. A ƙasashen da ke da hunturu, itace yana ƙara zobe ɗaya a jikinsa kowace shekara, mai faɗi a shekarar wadata, siriri a shekarar fari. A. E. Douglass, wanda ya kafa ɗakin binciken zobban itace a Jami'ar Arizona a 1937, ya nuna cewa ana iya gwama jerin zobban wani katako da na wasu itatuwan yankin a gano shekarun da ya rayu. Idan ginshiƙi yana da zoben ƙarshe da ke ƙarƙashin ɓawo, ana iya sanin ainihin shekarar da aka sare shi. Ta haka ake tabbatar da shekarun gini, a kuma karanta tarihin ruwan sama na zamanin da ba a fara auna shi ba.

Abu na biyu shi ne halittun da suka mayar da rumbu gida. Farar mujiya mai fuska kamar zuciya, wadda danginta suke har a ƙasar Hausa, asalinta mai ƙwai ce a kogon itace. Da aka sare manyan itatuwa, sai ta koma benen rumbu da saman sailo. Mujiya biyu da 'ya'yansu suna iya cin ɓeraye fiye da dubu a shekara, aikin da manomi zai biya kuɗin guba kafin ya samu. Tsattsewa tana liƙa sheƙarta ta laka a jikin ginshiƙai tana farautar ƙudaje. Jemagu mata kuma sukan taru a ƙarƙashin rufi a lokacin zafi don renon 'ya'ya, domin ɗumin wurin yana gaggauta girman jarirai. Ƙaramin jemage mai launin ƙasa, Myotis lucifugus, ɗa ɗaya yake haifa a shekara. Tun daga 2006, lokacin da wata cutar fumfuna mai farar da hancin jemage ta ɓulla a jihar New York, jemagu miliyoyi sun mutu. Ga halittar da ba ta saurin hayayyafa, rushe rumbu ɗaya a lokacin reno yana iya shafe zuriyar shekara guda.

Rajistar ƙasa da dokar gari

Akwai bambanci da ake yawan kuskurewa tsakanin matakai biyu na kariya. A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar adana kayan tarihi ta ƙasa, wadda ta kafa Rajistar Ƙasa ta Wuraren Tarihi. Galibi sai gini ya kai shekara 50 kafin a duba shi. Shiga rajistar girmamawa ce, kuma tana buɗe ƙofar rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyara ga ginin da ke kawo kuɗin shiga. Tana kuma tilasta wa hukumomin tarayya su duba illar ayyukansu a kan ginin, kamar in za a fitar da babbar hanya. Amma ba ta hana mai gini ya rushe abinsa da kuɗinsa ba.

Ikon hana rushewa yana hannun ƙananan hukumomi, wato birni ko gunduma. Birnin Charleston na jihar Carolina ta Kudu ne ya fara keɓe unguwar tarihi da doka, a 1931. Bayan da aka fara rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York a 1963, birnin ya yi tasa dokar a 1965. Wani kamfanin jirgin ƙasa ya ƙalubalanci dokar saboda an hana shi ɗora dogon bene a kan tashar Grand Central, amma a 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa birnin bai ƙwace masa dukiya ba. Wannan hukunci shi ne ginshiƙin da dokokin garuruwa suka dogara a kai, har da na ƙananan gundumomin karkara masu son kare rumbuna.

Tsarin ya sha bamban daga gari zuwa gari, amma matakansa sun yi kama. Da farko akan yi safiyo, a auna ginin, a ɗauki hotonsa, a binciko tarihinsa. Sannan a gabatar da shi ga kwamitin kula da kayan tarihi na garin, wanda zai duba shekarunsa, da salon gininsa, da dangantakarsa da tarihin yankin, da kuma ko yawancin kayansa na asali suna nan. Daga nan a kira taron jin ra'ayin jama'a, majalisar gari ta jefa ƙuri'a. A wasu wurare sai mai ginin ya yarda, a wasu kuma ana iya yi ba da yardarsa ba. Da zarar an ayyana gini, mai shi ba zai rushe shi ko ya sauya kamannin wajensa ba sai da takardar izini daga kwamitin. Wasu garuruwan jinkirta rushewa kawai suke yi na wasu watanni, don a nemi mai saye ko wata mafita.

Inda doka ta gaza

Doka tana iya tsayar da katafila, amma ba ta da iko a kan fumfuna. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba yana iya shekara ɗaruruwa lafiya lau. Da zarar rufi ya fara yoyo, ruwa ya jiƙa mahaɗar ginshiƙai, sai ƙwayoyin fumfunar da ke yawo a iska su tsiro. Wani nau'in yana cinye selulos ya bar katakon ya yi ja yana farfashewa kamar gawayi, wani kuma yana cin har da lignin, wato sinadarin da ke ƙarfafa itace, ya bar shi fari da taushi. Gara da ƙwari masu huda katako suna biyo baya. Tun da ginshiƙan rumbu a sarƙe suke da juna, ruɓewar mahaɗa ɗaya takan jefa nauyi a kan sauran, har wata guguwa ko nauyin ƙanƙara ya kwantar da ginin. Mai rumbun da aka hana rushewa yana iya naɗe hannu kawai ya bar damina ta yi masa aikin. Wasu garuruwa sun sa tara a kan irin wannan sakaci, sai dai tara ba ta sayen kwanon rufi ga manomin da ba shi da hali.

Akwai kuma ƙorafin manoma, wanda ba na banza ba ne. Jama'ar gari ne ke jin daɗin kallon rumbun daga kan hanya, manomi kuwa shi ke ɗaukar nauyinsa. Saboda haka dabarun da suka fi tasiri su ne waɗanda suka haɗa hani da taimako. A 1987 wata ƙungiyar adana kayan tarihi ta ƙasa tare da mujallar Successful Farming suka fara shirin BARN AGAIN!, wanda ya nuna wa manoma yadda za su faɗaɗa ƙofa ko su ɗaga bene don tsohon rumbu ya ɗauki injunan zamani, sau da yawa a kan kuɗin da bai kai na sabon gini ba. Jihar New Hampshire ta yi doka a 2002 da ta ba garuruwa damar rage harajin rumbun da ya kai shekara 75 da kashi 25 zuwa 75 cikin ɗari, in mai shi ya yi alkawarin kula da shi na aƙalla shekara 10. A jihar Utah kuwa, birnin Park City ya sayi gonar McPolin da farin rumbunta a 1990, ya ɗauki nauyin da kansa. Sailo ya fi wuyar samun sabon aiki saboda ƙuncinsa, amma na kankare ba ya bukatar kulawa mai yawa, kuma in an sa akwatin sheƙa a samansa yakan zama gidan mujiya.

Kammalawa

Ayyana gini a matsayin abin tarihi tana ba shi lokaci ne kawai. Abin da ke raya shi shi ne rufin da ba ya yoyo, da gindin da ruwa ba ya kwanciya, da aikin da zai sa mai shi ya ga amfanin gyara. Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce ga manomin ƙasar Hausa, wanda ke ɗora rumbunsa a kan duwatsu don tsare shi daga danshi da gara, yana kuma sabunta jinkarsa kafin damina. Shi ma rumbun laka yana fuskantar abin da na katako ya fuskanta, domin buhu da sito na siminti suna karɓe aikinsa. Sanya yankin Sukur na jihar Adamawa a jerin kayan tarihin duniya a 1999, tare da gonakinsa masu matakalar dutse, ya nuna cewa aikin manomi ma yana cikin abin da ake adanawa. Rumbun da ba a auna ba, ba a zana ba, ba a tambayi magininsa ba, in ya faɗi ya tafi da iliminsa.

Tambayoyi da aikin yi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin hanyar adana ingirici da ta tsimammiyar ciyawa. Me ake hana ƙananan halittu a kowacce?

2. Me ya sa sailo mai da'ira ya fi mai kusurwa huɗu? Me ya sa zobban ƙarfensa suka fi yawa a gindi?

3. Kawo bambanci biyu tsakanin shiga Rajistar Ƙasa da ayyanawar ƙaramar hukuma.

4. A yayyanka ɗanyen karan masara ko na dawa ƙanana, a cika leda biyu masu kauri. A danne ta farko a fitar da iska a ɗaure tam, ta biyu kuma a hudhuda ta. Bayan mako uku a buɗe su a fili, a kwatanta launi da wari, a gwada tsamin ruwan kowacce da takardar litmos.

5. Da izinin mai shi, ɗalibai su ziyarci tsohon rumbu a garinsu, su auna tsawonsa da faɗinsa, su zana shi, su rubuta kayan da aka gina shi da su, da dabarun hana danshi da gara da ɓera, da halittun da suka gani a jikinsa. A ajiye rahoton a ɗakin karatun makaranta.